Tsohon maƙwabcina a Japan yana so in tsaya masa a asibiti, ni kuma na kusa komawa gida

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah a sakaya sunana. Shawara nake nema, musamman wajen waɗanda suka zauna Japan ko masu aikin asibiti, amma duk mai abin faɗa ya faɗa.

Karatu ne ya kawo ni nan, ni da iyalina muna yankin Chiba cikin irin dogayen gidajen hayan nan da aka gina tun shekarun 1960, yanzu kusan duk tsofaffi ne a ciki don matasan sun watse. Ƙofar da ke kallon tamu ta wani dattijo ce, ya haura 80, matarsa ta daɗe da rasuwa, ɗa guda gare shi a can wajen Osaka amma ya ce rabonsu da magana tun jana'izar uwar, ni dai ban tambayi dalili ba. Ta wajen zubar da shara muka saba, benen namu ba lifta, sai nake sauke masa tasa, daga baya maiɗakina in ta yi girki marar yaji takan zuba masa, shi kuma dole ya rama da lemo ko biskit don ba ya yarda a ba shi abu bai mayar ba.

To yanzu ciwon zuciyarsa ya matsa, likita ya ce sai an kwantar da shi. Jiya ya ƙwanƙwasa mana ƙofa da takardar asibiti a hannu yana ta sunkuyawa yana ban haƙuri, wai suna son sunan mutum a gurbi biyu shi kuma ba shi da kowa. Ya kuma ce mani in abin ya zo ƙarshe ba ya son a jona masa inji, ya fi son ya cika a ɗakinsa, amma babban tsoronsa kar ya mutu a ɗakin ba wanda ya sani har sai wari ya fito. Wallahi jikina ya yi sanyi. Ni kuma a watan Maris nake gamawa mu tattara mu koma gida. In sa hannu ko kar in sa? In nemo ɗan nasa a ɓoye? Kuma hannun wa zan bar shi in mun tafi?

Maman Khalifa: Allah sarki tsoho. Allah ya saka maka da alheri kai da maiɗakinka, Allah ya sa mu yi kyakkyawan ƙarshe.

Baban Ilham, Saitama: Ɗan'uwa kar ka sa hannu tukuna, ka ɗauki hoton takardar ka kai wa malaminka ko ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantarku su karanta maka. Gurbi biyun nan galibi ba abu ɗaya ba ne. Ɗaya na wanda za a kira ne in wani abu ya taso, wannan ba matsala, ka sa lambarka amma ka rubuta a gefe cewa kai maƙwabci ne kuma zuwa Maris kawai kake ƙasar. Ɗayan kuwa garanto ne, wato in bai biya kuɗin asibiti ba kai za a bi, wani asibitin ma har ɗaukar gawa da kwashe kayansa yana cikin abin da ka amsa. Ɗalibi mai shirin tafiya bai da hurumin wannan, kuma ko shi tsohon ba ka taimake shi ba in ka sa sunanka a abin da ba za ka iya cikawa ba.

Kuma ka sani tun 2018 ma'aikatar lafiyarsu ta fitar da sanarwa cewa rashin garanto kaɗai ba hujja ba ce ta ƙin kwantar da marar lafiya. Ku je tare ku ce kuna son ganin ma'aikacin jin daɗin jama'a na asibitin, manyan asibitoci suna da su, irin wannan matsalar kullum suke gani. Bayan nan wurin da ya fi komai muhimmanci shi ne cibiyar kula da tsofaffi ta unguwarku, chiiki hokatsu shien senta suke ce mata, kowace ƙaramar hukuma tana da ita kuma shawara kyauta ce, maƙwabci ma yana iya zuwa ya kai magana. Su za su taya shi neman a auna shi a tsarin inshorar kula da tsofaffi da aka fara a 2000, wanda duk ɗan shekara 40 zuwa sama yake biya. In an auna an ba shi matakin kulawar da yake buƙata sai a haɗa shi da mai tsara masa kulawa, a riƙa turo mai taya shi wanka da cefane da shara, yawancinsu kashi 10 cikin 100 kawai suke biya. Shekara da shekaru yana zuba kuɗinsa a ciki, ka nuna masa haƙƙinsa ne, don matsalar tsofaffinsu musamman maza ita ce kunyar ɗora wa wani nauyi, gara ya faɗi a banɗaki da ya buga waya.

Abu Sadiq: Ni fa ina ganin ɗan nan shi ne maganar. Ko me ya haɗa su uba uba ne. Ka nemo lambarsa ka gaya masa gaskiya, in ya ƙi zuwa shi da Allah.

Baban Ilham, Saitama: Malam Abu nan ba kamar gida ba ne da za ka sa dattawan unguwa su kira yaro su yi masa faɗa. In mai tambaya ya yi haka a ɓoye tsohon zai ji an tona masa asiri, ƙarshenta ya rufe ƙofarsa, ka ga an rasa ɗan abin da ake da shi. Kuma ba mu san me ya faru tsakaninsu ba. Abin da zai yiwu, tunda ƙarshen shekara ya gabato kuma al'adarsu ce aika katin gaisuwar sabuwar shekara ta gidan waya, ya lallaɓa tsohon ya rubuta wa ɗan ko layi biyu ne da hannunsa, shi kuma ya kai masa akwatin wasiƙa. In ya ce a'a a bar shi. Hukuma dai tana da rajistar iyali, ranar da ta Allah ta kasance za su nemo ɗan da kansu, in ba wanda ya karɓi gawar ƙaramar hukuma ce ke ƙona ta ta ajiye tokar.

Anti Nas, Ingila: Ƙanina ni aikina ke nan, tsofaffi nake jinya, bari in yi magana kan zancen injin nan don shi aka fi yin sakaci da shi. Abin da ya gaya maka a bakin ƙofa ba zai yi aiki ba ranar da numfashi ya sarƙe, masu motar asibiti in sun zo aikinsu su ceto rai, za su danna ƙirji su saka bututu, kai kuma maƙwabci ba ka da ikon cewa a yi ko a bari. Don haka tun yana cikin hankalinsa ya zauna da likitansa ya faɗa da bakinsa, a rubuta a fayil ɗinsa, ya sa hannu, a ajiye kwafi a gida inda za a gani. Kuma a tambaye shi dalla-dalla, don "ba na son inji" magana ce mai faɗi. Iskar oksijin ta hanci fa? Ƙarin ruwa fa? Bututun abinci? Maganin rage zafi da na sauƙaƙa numfashi? Da yawa in an yi musu bayani sai ka ga abu ɗaya ko biyu ne kawai ba sa so, sauran suna so. Kuma yana da damar canza ra'ayi ko yaushe.

Sannan mai son cikawa a gida dole ya kasance yana da likita da nas masu zuwa gida, in ba haka ba ko ya rasu lafiya lau a kan shimfiɗarsa 'yan sanda ne za su shigo bincike. Na ga masu ciwon zuciya da yawa, ba kamar ciwon daji ba ne da ake iya hasashen lokaci, yau ka gan shi garau gobe ƙafa ta kumbura. Kar ku jira a sallamo shi kafin a fara wannan shirin. Mu ma nan haka muke fama, har minista aka naɗa wa kaɗaici a 2018, Japan ta bi sahu a 2021, amma minista ba ya ƙwanƙwasa ƙofar kowa.

Ɗan Gwaggo: Kai jama'a. Duk kuɗin nan da fasahar nan a ce mutum ya ruɓe a ɗaki. Alhamdulillah da Allah ya yi mu a inda ko ba ka da ko sisi in ka kwanta ciwo sai an gaji da masu dubiya.

Hajiya Umma: Ɗan Gwaggo ka rage murya. Namiji ne in bai fito sallar asuba ba kwana biyu ake bin sawu. Tsohuwar da ba ta haihu ba fa, ko wadda 'ya'yan suna Legas da Abuja sai dai a turo kuɗi ta waya? Akwai su a unguwanninmu, wata ma har a laƙa mata maita yara su riƙa gudunta. Su can yawan tsofaffi ne ya tona abin, mu kuma yara ne suka fi yawa shi ya sa ba a lura.

Malam Sani: Ga mai tambaya, kada ka ji wani ɗar don ba Musulmi ba ne. Aya ta 36 a Suratun Nisa'i ta ambaci maƙwabci na kusa da maƙwabci na nesa cikin waɗanda za a kyautata wa, kuma Manzon Allah (SAW) ya je dubiyar yaron nan Bayahude da ke yi masa hidima. Sai dai garanto alkawari ne, kada ka ɗauki wanda ka san ba za ka cika ba. Ka yi abin da Baban Ilham ya ce.

Injiniya MK: Tsoron da tsohon yake ji ba raki ba ne. A 2024 'yan sandan Japan sun ƙirga mutum 76,020 masu zaman kaɗaici da aka tarar sun mutu a gida, fiye da 58,000 daga ciki 'yan 65 ne zuwa sama, kuma gwamnati ta ƙiyasta sama da 21,000 sai da suka kwana 8 ko fiye kafin a gano. Ƙasar da kusan kashi 29 cikin 100 na mutanenta sun kai 65. Har kamfanoni akwai da ba su da sana'a sai wanke irin waɗannan ɗakunan. A nan Chiba ɗin da kake ma, a rukunin gidajen Tokiwadaira da ke Matsudo, an taɓa samun ƙasusuwan wani da ya shekara 3 da mutuwa, ba wanda ya sani saboda banki na cire kuɗin haya daga akawun ɗinsa kai tsaye, sai da kuɗin suka ƙare aka zo dubawa. Daga nan mazauna wurin suka tashi da kansu suka fara zagayen duba juna.

Abin da zan ƙara shi ne kar ka zama kai kaɗai ne idonsa, ka yi amfani da watannin nan ka ƙara masa idanu. Akwai 'yan sa-kai da gwamnati ke naɗawa kowace unguwa, minsei-iin, ka tambayi ƙungiyar mazauna gidajenku wa ke riƙe da benenku. Ƙananan hukumomi da yawa suna ba tsofaffi maɓallin gaggawa na ratayawa a wuya, wasu kuma suna raba wata 'yar roba da ake saka bayanin ciwo da magunguna a ajiye cikin firiji don masu motar asibiti su san inda za su duba. Matan kamfanin Yakult masu kai madara gida-gida sun daɗe suna wannan aikin na leƙa tsofaffi, kuma akwai filas ɗin ruwan zafi na kamfanin Zojirushi da ke aika saƙo in an yi amfani da shi. Ko jarida ce ya yi rajista, in ta taru a ƙofa mai kawowa zai yi magana. Kuma tunda sanyi ya shigo ka ja masa kunne kan wanka, tsofaffi da yawa cikin bahon ruwan zafi suke tafiya a irin wannan lokacin, balle mai ciwon zuciya. In ka ji shiru ka buga ba amsa kar ka tsaya kunya, 119 ce motar asibiti, 110 'yan sanda.

Maman Khalifa: Kuma don Allah ku gaya masa maganar tafiyarku tun yanzu, kar ya wayi gari ya ga ana fitar da akwatuna.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Na kai wa sakatariyar sashenmu takardar, yadda Baban Ilham ya faɗa haka take, na biyun garanto ne har da biyan kuɗi. Na sa lambata a na farko kawai, na yi wa tsohon bayani, ya ce shi ma bai so ya ɗora mani ba rasa yadda zai yi ne. Maganar tafiya ashe ya sani, wai 'yata ce ta gaya masa tuntuni. Cibiyar tsofaffin sun ce za su turo ma'aikaciya ta same shi kafin ranar kwanciya, da farko ya ƙi wai akwai waɗanda suka fi shi buƙata, sai da na ce masa ai kuɗinsa ne da ake cira ya yi shiru. Katin ɗan nasa kuwa ya ce zai yi tunani, ban matsa ba. Anti Nas, ranar Alhamis za mu ga likitan, don Allah ki rubuto mani tambayoyin nan a jere yadda zan ba wanda zai yi mana tafinta, don Japananci na bai kai na asibiti ba.