Rake ne ko launin fata ya kafa bauta a tsibiran Faransa?

Malam Habu: Matsayina shi ne rake ya cika Matinik da Gwadalup, tsibiran Faransa a yankin Karebiyan, da bayin Afirka, wariyar launi daga baya ta yi ƙarfi. Da Faransawa suka sauka a 1635, taba suke nomawa, yawancin masu aikin kuma talakawan Faransa ne da suka yi yarjejeniyar aikin wata 36 a madadin kuɗin jirgi.

Hajiya Rabi: Malam, ban yarda ba. Tun 1518 Sarkin Sifen ya ba da izinin kai Afirkawa 4,000 nahiyar Amurka, Fotugal kuwa ta daɗe tana noman rake da bayi a tsibirin Sawo Tome da Barazil. Tsari Faransa ta tarar ta shiga. Kuma ɗan ƙodagon Bature yana gama watanninsa ya tafi. Baƙi babu ranar tafiya.

Injiniya Tukur: Hajiya, a duba aikin kansa. Rake in an yanka shi, cikin kwana ɗaya ko biyu dole a matse, in ba haka ba ruwan ya yi tsami. Injin matsar mai gungume uku ne a tsaye, shanu ko ruwa ko iska ke juya shi, ruwan kuma ya bi tukwanen tagulla a jere, daga babba zuwa ƙarama, wuta ba ta mutuwa dare da rana. Mai tura rake in gyangyaɗi ya ɗauke shi, gungumen ya ja hannunsa. Da Holandawan da aka kora daga Barazil a 1654 suka kawo wannan fasaha, wa zai sa hannu kan irin wannan aiki da son ransa?

Malam Habu: Abin da nake faɗi ke nan.

Hajiya Rabi: Injiniya ya bayyana dalilin neman hannaye, bai bayyana dalilin gadon bauta ba. Dokar Faransa kan bayi, Code Noir ta 1685, ce ta rubuta shi: sashe na 13 ya ce ɗa yana bin matsayin uwarsa, na 44 ya lissafa bawa cikin dukiyar da ake ɗauka.

Malama Zinatu: Ai dokar ta wajabta abinci, garin rogo da laba biyu na naman gishiri ko laba uku na kifi duk mako, ta kuma ba bawa damar kai ƙara.

Hajiya Rabi: Yaya Zinatu, ƙara da wace shaida? Sashe na 30 ya hana ɗaukar maganar bawa a matsayin hujja. Wanda ya gudu wata guda kuwa, sashe na 38 ya ce a yanke kunnuwansa a yi masa lalas a kafaɗa. Karo na biyu a tsinke jijiyar ƙafarsa, na uku kisa.