Darasin dokar ƙasa da ƙasa: sa hannu ko amincewa?

Ɗalibin shekarar farko: 'Yan uwa, wannan darasi na gabatar da dokar ƙasa da ƙasa da haƙƙin ɗan Adam ɓata lokaci ne. Nijar ta sa hannu a kan yarjejeniyoyin haƙƙin ɗan Adam kaf, amma babu jandarman da zai tilasta wa kowace ƙasa. Me za mu yi da haddar ayoyi?

Tsohuwar ɗaliba, Yamai: Ƙanena, gyara "sa hannu" ɗin nan, a nan ake zubar da maki. Matakai ne: tattaunawa, sa hannu, amincewa, sannan a ajiye takardar amincewar wurin mai riƙonta, yarjejeniya ta fara aiki. Yarjejeniyar Maputo ta 2003 kan haƙƙin mata, Nijar ta sa hannu amma ba ta amince ba, don haka ba ta hau kanta ba.

Ɗan Tawa: Yaya, kin yi gaggawa. Aya ta 18 ta yarjejeniyar Biyana ta 1969, wadda ta tsara dokar yarjejeniyoyin ƙasa da ƙasa, ta hana wanda ya sa hannu yin abin da zai rusa manufar yarjejeniyar. Ke nan sa hannu ma ɗaurewa ne.

Tsohuwar ɗaliba: Hana rusawa daban, wajabta cikawa daban. Cikawa tana aya ta 26, kuma sai yarjejeniya ta fara aiki a kan ƙasar. Yarjejeniyoyi biyu na Majalisar Ɗinkin Duniya na 1966 kan haƙƙin ɗan Adam fa? Nijar ta shige su a 1986 ba tare da sa hannu ba, kuma sun ɗaure ta.

Magatakardan kotu: Ku bar takarda ku dubi shari'a. A 2008 kotun CEDEAO ta kama Nijar da laifin kasa kare Hadijatou Mani daga bauta, bisa aya ta 5 ta Yarjejeniyar Afirka ta 1981 kan haƙƙin ɗan Adam da na al'ummai, ta yanke diyyar sefa miliyan 10. Ba a ma buƙaci Hadijatou ta ƙare ɗaukaka ƙara a kotunan gida ba.

Ɗan Tawa: Malam, daga yankin Kwanni maganar ta taso, jiharmu. Mutanen Yamai a littafi kawai suka san ta.

Wani daga Yamai: A ina kotun ta zauna sauraron ƙarar in ba Yamai ba? Kuma CEDEAO ɗin da muka fita a Janairun 2025 kuke kafa hujja da ita?

Magatakardan kotu: Ficewa ba ta goge hukuncin da aka yanke tun kafin ta.

Shugaban aji: In taƙaita, an yarda sa hannu kaɗai yana ɗaure ƙasa, kamar yadda ɗan uwana na Tawa ya nuna. A rufe.

Tsohuwar ɗaliba: Ba a yarda ba, shugaba. Duk wanda ya rubuta haka a jarabawa, tambayar Maputo za ta kayar da shi.