Don Allah ku ba ni shawara: an ce in kawo takardar izini ko in tashi daga inda nake saida awara

Maman Ƴan Biyu: Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon maganata, kaina ne ya ɗaure. A unguwar Garin Malam ta Damagaram nake zaune da yarana, ga uwar mijina a hannuna tana fama da ciwon suga. Maigidan ya tafi Jado haƙar zinariya, da farko yana aike, yanzu sai wata ya shuɗe ko waya babu. Da can atamfa da takalma nake sarowa daga Kano, da aka rufe iyaka a 2023 jarin ya narke a tukunya, ko da aka buɗe ban sake miƙewa ba. Da na ɗauki adashi sai na sayi kasko da tebur da kula, na fara awara da ɗanwake da zoɓo mai sanyi a wani filin shan iska da ke bakin kwalta, mai benci da fitilu. Daga la'asar har bayan isha'i mutane ba sa yankewa, kuma alhamdu lillahi da shi nake sayen hatsi da maganin tsohuwa. Jiya wasu mutum biyu suka zo, ɗaya da littafi a hannu, suka ce ina takardata. Na nuna masu tikitin da nake biya kullum, suka ce ba shi ba ne, in kawo takardar izini kafin Litinin ko a kwashe kayana. Wallahi ban runtsa ba. Wace takarda ce, ina ake yin ta, kuma nawa?

Tsohon Akawu: Wa alaikumus salam ƴata. Ki natsu ki ji. Tikitin kullum harajin ciniki ne na ranar, ba ya ba ki wuri. Fili irin wannan na jama'a ne, kuma ma'aikatar magajin gari ce ke da ikon cewa wane ya zauna, wane ya tashi. Damagaram gunduma 5 ce, ki fara sanin wadda filin yake cikinta, ba wadda gidanki yake ba. Ki sa a rubuta miki takardar roƙo, a faɗi sana'ar, a faɗi wurin da faɗinsa, ki manna tambur, wato kan sarkin hukuma da ake saye, ki haɗa da kwafin katinki na ɗan ƙasa. Idan kin ajiye, kada ki fito sai an ba ki shaida mai lamba da kwanan wata. Ita za ki nuna ranar Litinin. Amma ba ki gaya mana ba, wa ya zaunar da ke a wurin tun farko?

Hajiya ta Birni: Allah sarki, kin tayar min da tsohon miki. Ni ina da takarda, da hatimi da komai, rumfata ta shekara da shekaru. Da aka zo gyaran hanya lokacin Zinder Sabuwa, shirin gyaran garin Damagaram, a 2018, kwana kaɗan aka ba mu. Kwanon rufin ma rabi na tsira da shi, firjin da na ci bashi na saya ya lalace a wurin kwasa. Har yau ina biyan mutane. Ƙanen mijina da ya yi alkawarin tsaya min ko leƙowa bai yi ba.

Tsohon Akawu: Hajiya, Allah ya mayar da alheri, amma da kin sa an karanta miki takardar za ki ji an rubuta cewa izinin na wucin gadi ne, ana iya janye shi duk lokacin da hukuma ta buƙaci wurin. Haka irin wannan izini yake ko'ina. Ba sayar miki da fili aka yi ba. Amfaninsa shi ne kafin ranar babu mai zuwa ya ɗaga miki tebur don ya ga dama.

Ɗan Zango: Yaya, ni shayi da burodi nake yi, kuma ina gaya miki kada ki kai kanki. Ranar da sunanki ya shiga littafi, ranar za a fara neman ki da patanti, harajin ƴan kasuwa, da abin da ba ki taɓa ji ba. Ki je wurin mai unguwar wurin da goronki, ya yi magana da su. Mu haka muke zaune lafiya.

Maman Ƴan Biyu: Baba na gode. Mai gadin filin ne ya ce in zauna a kusurwar da ke gefen ƙofa. Mutumin kirki ne, ya san mahaifina, ko dala bai taɓa karɓa a hannuna ba, sai dai in zuba masa ɗanwake da dare. Ba ni son in je a tambaye ni wa ya ba ni wuri in ja masa kora, shi ma mai iyali ne. Kuma ni ban tare hanya ba, ina share wurina kafin in tafi. Masu tsire da mai kankana suna nan kafin ni, me ya sa ni kaɗai?

Tsohon Akawu: To ga matsalar nan. Mai gadi ba shi da wurin da zai bayar. Kuma ki bincika, wasu filayen hukuma takan ba ɗan kasuwa ya riƙe su bisa yarjejeniya, shi ke kula da fitilu da shara, shi ke raba wa masu sana'a wuri. Idan haka ne, da shi za ki fara magana. Ɗan Zango kuwa, mai unguwa ana girmama shi, zai iya raka ta, amma ba ya sa hannu a wannan takarda. Mai tebur ɗaya da kasko ba babban ɗan kasuwa ba ne, kada ka tsorata ta. Tun Afrilun 2024 da aka rusa majalisun gundumomi, wakilan da aka naɗa ne ke riƙe da su, wanda ka sani jiya wataƙila ba shi ne a kujerar yau ba. Alkawarin baki ba ya tsallake canjin mutum, takarda ce ke tsallakewa.

Ma'aikaciyar Lafiya: Ƴar'uwa, duk an manta da abu guda. Abinci kike saidawa, masu duba tsafta na iya neman takardar gwajin lafiyarki, a likita ake yin ta. Za su dubi ko abincin a rufe yake, da ruwan wanke kwanuka, da wanda kike haɗa zoɓo da shi. Kin san halin ruwan garin nan in zafi ya shigo. Jarka biyu ki ware, ta sha daban ta wanki daban. Kuma ki daina zuba ɗanwake mai zafi a baƙar leda.

Maman Ƴan Biyu: Ruwan famfo nake saye wurin ɗan garuwa, ban taɓa ba kowa abin da ba zan ba ƴaƴana ba. Ledar kuma masu saye ne ke nema, in na ce su zo da kwano sai su wuce gaba. Gwajin nan da tambur duk kuɗi ne, ga zubin adashi ranar Juma'a.

Ɗan Zango: Tsaya ma. Mutanen nan sun nuna miki katin aiki? Ni an taɓa zuwa min haka, ashe wani mai son wurina ne ya turo su.

Hajiya ta Birni: Ki koma ƙofar gidanki ki soya abinki, ƴata. Cinikin kaɗan ne amma babu mai tayar da ke.

Maman Ƴan Biyu: Hajiya, a lungunmu masu awara uku ne, kuma rabin cinikin bashi ne. Can kuwa hannu da hannu ake biya. Kati kam ban tambaya ba, jikina rawa yake yi a lokacin. Ɗayan dai na taɓa ganinsa yana hira da mai tsiren. Baba, idan na je na ajiye takardar ban ambaci mai gadin ba, na ce da kaina na zauna, za su karɓa? Kuma idan suka ce wurin nan ba a saida abinci sam, tikitin da na yi ta biya fa?

Tsohon Akawu: Ki je gobe da sassafe, kada ki jira Litinin.

Maman Ƴan Biyu: Gobe zan kai tsohuwa awon suga, layin ba ya ƙarewa kafin azahar. Zan fara magana da mai gadin yau da dare in ji ko ya san mutanen. Akwai wadda ta taɓa samun takardar nan da kanta, ta gaya min kwana nawa take ɗauka?