Curin gawayi: a saka leda a ciki ko a bari?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Masana, ana cewa idan aka narka leda aka cuɗa da garin gawayin ɓawon gyaɗa ko totuwar masara, curin ya fi ƙarfi, ya fi daɗewa yana ci. Gaskiya ne? Sannan me ke sa curin gawayin da aka haɗa da sitaci ya riƙa farfashewa bayan ya bushe?

Mai Tanderu:
Wa alaikumus salam. Fashewa galibi daga damun sitacin take. Sitaci ɗanye ba ya riƙe komai, sai an dafa shi. Ga garin gawayi kilo 10, a auna sitacin rogo rabin kilo zuwa kilo 1, a dama da ruwan sanyi kaɗan, a juye cikin tafasasshen ruwa kamar lita 4, ana juyawa har ya yi kauri da yauƙi. A zuba a kan garin tun da ɗuminsa. Dunƙula a hannu ka matse: in ruwa ya tsiyayo ya yi yawa, in ya wargaje bai isa ba.

A tankaɗe garin, domin manyan gutsattsari su ke barin rami a ciki. Kada kuma a kai curin rana mai zafi daga fitowarsa daga injin matsi. Baya zai bushe, ciki na jiƙe, sai ya tsage. Ranar farko a inuwa mai iska, sannan kwana 3 zuwa 7 a rana, ana juyawa. Rami a tsakiyar curin na taimaka wa bushewa da kamawar wuta.

Injiniya:
Malam, batun leda da gaskiya a ciki, amma ba don murhun girki ba. Leda mai lamba 2, 4 ko 5 (lambar da ake bugawa a jikinta don nuna irinta) tana ba da zafi fiye da gawayi, kuma in ta narke tana riƙe gari gam. Matsalar hayaƙi ce. Murhu ba ya kai zafin da zai cinye ta, sai ta narke tana ɗiga, tana baƙin hayaƙi. Mafi muni ita ce mai lamba 3, wato PVC da ake bututun ruwa da rigar wayar lantarki da ita: akwai sinadarin kulorin a jikinta, tana fitar da iskar asid da gubar dayoksin. A tarkacen bola kuwa da wuya ka tsince ta kaf.

Inda ake ƙona irin wannan makamashi bisa ƙa'ida, kamar tanderun siminti, zafi na wuce digiri 1,400. Dokar Tarayyar Turai ma ta ce hayaƙin injin ƙona shara ya tsaya a digiri 850 na aƙalla daƙiƙa 2. Kurfoti ina zai kai nan?

Mai Tanderu:
Haka ne. Ƙari kan zaɓen kaya: buntun shinkafa kusan kashi 20 cikin 100 nasa toka ne, shi kaɗai yana toshe wuta, a gauraya shi da totuwa ko ɓawon kwakwa. Yumɓu ma yana riƙewa, sai dai yana ƙara toka. Curin da ke hayaƙi ba tare da leda ba, ƙonawar farko ta mayar da kayan gawayi ce ba ta nuna ba: a bar durom ɗin da ake ƙona su a ciki sai farin hayaƙi ya sirance, sannan a toshe duk ƙofofin iska da ƙasa har ya huce. In aka buɗe da zafi, iska na shiga gawayin ya zama toka.