Riyaktan kalsiyam a zafin Gombe: me za a haɗa, ta ina za a fara?

Baban Amira: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tankin ruwan gishiri na kiwon murjanin teku mai lita 450 a Tumfure, kuma KH, wato awon alkaliniti (ƙarfin ruwa na hana kansa yin tsami), yana sauka kusan maki ɗaya da rabi kullum. Zuba ruwan kalsiyam da na soda da hannu ya daina riƙe shi. Ina son komawa riyaktan kalsiyam, na'urar da ke zuba wa tanki kalsiyam da alkaliniti da kanta. A taimaka da shawara.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Kafin ka sayi komai, Alhaji, ka san aikinsa. Gwangwani ne cike da tsakuwar aragonait, irin sinadarin da murjani ke gina ƙashinsa da shi, ana hura masa iskar CO2, ruwan ciki ya yi tsami ya narkar da tsakuwar, sai ya ɗiga cikin tanki ɗauke da kalsiyam da alkaliniti daidai yadda murjani ke cinsu, wato kusan ppm 7 (miligiram 7 a lita) na kalsiyam ga kowane maki ɗaya na KH. Saboda haka riƙe ma'auni yake yi, ba ya gyara wanda ya karkace. Ka fara daidaita tankin da hannu: kalsiyam 420 zuwa 440, KH wajen 8, magniziyam 1300 zuwa 1350. In ka kunna riyakta kalsiyam na 360, za ka yi ta ƙara gas har KH ya haura 12, kalsiyam bai ko motsa sosai ba.

Malam Na-Jekadafari: Kayan haɗi kuwa: silindar CO2 mai kilo 2 zuwa 5, regileta (mai rage matsin gas) mai agogo biyu da solenoid (bawul da lantarki ke buɗewa da rufewa), bawul mai allura, ƙwalbar ƙirga kumfa, bawul mai hana ruwa komawa baya, sandar auna pH (tsamin ruwa) da na'urarta, sai ƙaramin famfo mai tura ruwa ciki. Kada a yi rowa a kan regileta. Mai mataki biyu ake so, wato mai rage matsin gas sau biyu. Mai mataki ɗaya, idan gas ya kusa ƙarewa, yakan saki sauran da ƙarfi lokaci guda, a wayi gari ruwan riyakta ya zama kamar kunu.

Maman Khalil: Ina ƙara jan kunne a kan silinda, domin nan ne mutanenmu ke shiga uku. Ana samun CO2 wajen masu cika tukunyar kashe gobara da masu walda, to amma tukunyar gobara tana da bututu a ciki har ƙasa, ruwan gas take fitarwa, ba iska ba. Wannan ruwan yana daskarar da regileta ya lalata robarta. A tambayi mai cikawa a fili: akwai bututu ko babu? Na masu walda kuma wani gauraye ne da argon, a tabbatar zallar CO2 ce. A tsayar da silindar a miƙe, a ɗaure ta da bango, nesa da taga. A watan Maris da Afrilu da muke kaiwa digiri 40, matsin cikinta yana tashi sosai, bare in an cika ta maƙil.

Baban Amira: Na gode Hajiya. Tsakuwar fa? Wani ya ce tunda ga farar ƙasa a wajen Ashaka da ake yin siminti da ita, me zai sa a yi odar ta waje?

Injiniya: Tunanin ba banza ba ne, duka kalsiyam kabonet ne. Sai dai farar ƙasar da ake haƙowa yawanci wani nau'i ce da ake kira kalsait, ya fi aragonait taurin narkewa, zai ci gas da yawa. Mafi muni, duk abin da ke cikinsa, laka ce, ƙarfe ne, fosfet ne, tanki zai bi, kuma riyakta ba ya tace komai. Wata uku ka ga gansakuka ta rufe duwatsu. Ka sayi mai manyan ƙwayoyi irin ARM na CaribSea ko Reborn na Two Little Fishies, ka wanke da ruwan RO (ruwan da na'ura ta tace gishiri da sinadarai daga cikinsa) har farin ya daina fita. Kashi ɗaya cikin goma ka sa tsakuwar magniziyam.

Malam Na-Jekadafari: Ga yadda ake kunnawa. A daidaita sandar pH da ruwan gwaji na 7 da na 4, ba na 10 ba, domin a ɓangaren tsami za ta yi aiki. A cika riyakta da ruwan tanki, a bar famfon da ke zagaya ruwa a cikin riyakta ya yi awa 24 ba gas, iskar da ta maƙale ta fita, a duba yoyo. Sannan a buɗe gas, matsin fita wajen bar ɗaya a agogon regileta, kumfa 10 a minti. Ruwan fita, wato wanda ke ɗiga daga riyakta zuwa tanki, mililita 30 a minti. A tara a kofin awo a duba agogo, kada a ƙirga ɗigo da ido. pH na ciki ya zauna tsakanin 6.5 da 6.7. Ƙasa da 6.3 tsakuwa takan rududduge ta toshe tiyo. A auna KH na ruwan fita, ana so ya kai 20 zuwa 30. Sauran aikin haƙuri ne: KH na tanki kullum a lokaci ɗaya, a rubuta a littafi. In yana sauka, a ƙara ruwan fita da mililita 5 da 'yar kumfa, a jira kwana biyu. Wanda ke murɗa bawul safe da yamma ba zai taɓa sanin wane murɗin ne ya yi aiki ba.

Maman Khalil: Maganar wuta ba a taɓo ba, ita ce ainihin matsalarmu. Solenoid ya zama mai rufe kansa in an ɗauke wuta, kuma ya hau soket ɗaya da famfon riyakta. In famfo na kan layin gari, solenoid na kan inbata, gas zai yi ta taruwa a saman gwangwani, wuta ta dawo famfo ya yi ta gurnani a iska ba ya jan ruwa. Ko dai duka su hau inbata, ko duka su mutu tare. Bawul mai hana komawa baya kuma a canza shi duk shekara, in ba haka ba ruwan gishiri ya hau tiyo ya cinye regileta.

Baban Amira: To pH na tankin kansa fa? Yanzu ma 7.9 yake da asuba.

Injiniya: Zai ɗan ƙara sauka, musamman a ɗakin da ake rufewa ruf saboda AC ko ƙurar hunturu. Ka ɗiga ruwan fita kusa da bakin sikima (na'urar da ke cire datti da kumfar iska) ko cikin sashen ciyawar ruwa mai fitilar dare, su kwashe ragowar gas. In ya gangara ƙasa da 7.8, ƙara gwangwani na biyu da tsakuwa zalla ba gas, ko ka jawo wa sikima iska daga waje da tiyo, da ɗan soso a baki saboda ƙura. Kuma kada ka yanke zuba na hannu rana ɗaya. Rage rabi a makon farko, ka turo mana awon KH na kwana bakwai mu ga inda ya dosa.