Wane suna za mu ba DNA na maitokondiriya da Hausa?

Salam 'yan uwa, ina neman shawara. Muna shirya bayani kan ɓarin farkon ciki don mata masu zuwa awo a nan Jos, yawancinsu daga Gangare da Unguwar Rogo, sai na maƙale a kan abin da likitoci ke ce ma DNA na maitokondiriya.

Ga yadda abin yake. Kusan kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana da wasu ƙananan abubuwa masu ƙona abinci su mai da shi ƙarfi, su ne maitokondiriya, kuma suna da nasu DNA daban, ɗan ƙarami ne, ƙwayoyin gado 37 kacal, a Ingila aka fara karanta shi kaf a 1981. Daga uwa kaɗai ake samunsa, na maniyyi lalacewa yake bayan haɗuwa. Ƙwan mace guda yana ɗauke da kwafin wannan DNA sama da 100,000 kuma da su ne ɗan tayi ke ta rarrabuwa a kwanakin farko kafin ya manne a mahaifa, shi ya sa masu bincike ke bin diddigin ko canji a cikin DNA ɗin yana ƙara haɗarin ɓari kafin sati 12.

Wani ɗan uwa ya ce a kira maitokondiriyar janareto. Ba laifi amma shi ma aro ne. Wata anti nas kuma ta ce DNA ɗin a ce masa gadon uwa kawai, gajere, kowa zai riƙe.

Anti ki yi haƙuri, wannan ɗin ne ban yarda ba sam. Ki duba matar da ta yi ɓari na biyu, tana kwance da ruwan zafi a filas ko jinin bai gama tsayawa ba, a ce likita ya ambaci gadon uwa a gaban uwar miji, wallahi kafin la'asar magana ta zaga dangi cewa a gidansu ta ɗebo, har a fara yi wa mijin zancen ƙarin aure. Alhali kusan rabin ɓarin farkon ciki daga kuskuren kuromozom ne, wato ƙulle-ƙullen DNA da ɗan tayi ke samu daga uwa da uba, abin da ke faruwa ba da hannun kowa ba, ba aikin da ta yi ba ne, ba abin da ta ci ba.

Ni dai na tsaya a kan a ce wa maitokondiriya murhun ƙwayar halitta, tunda aikin kenan, ƙona abinci. Shi kuma a ce DNA na murhu, kalmar DNA a bar ta yadda take, mutane sun riga sun saba jinta a rediyo. Batun cewa ta uwa yake zuwa sai a yi shi a cikin bayani, a natse, ba a manna shi a suna ba. Kuma don Allah kar a gajarta zuwa murhun ƙwaya, kun san abin da ƙwaya ke nufi a bakin matasa.

Ungozomomi da malaman Hausa da ke nan ku sa baki kafin mu kai takardar wurin bugawa, musamman in akwai abin da mata ke ce masa a ɗakin awo.