Yadda ƙidayar tsuntsayen daji ke ɗorewa a hannun 'yan sa-kai

A wata tattaunawa kan yadda 'yan sa-kai za su ɗore da ƙidayar tsuntsayen daji, abin da aka fi nanatawa shi ne kada a riƙa sauya tsari. Wuraren tsayawa su zama ɗaya kowace shekara, a fita da asuba, a yi minti 5 ko 10 a kowane wuri. In an canja hanya, ba za a gane ko tsuntsayen ne suka ragu ko mai ƙidayar ne ya daina bi ta inda suke ba. Ranar da ba a ga komai ba, a rubuta sifili, domin shi ma bayani ne.

A kurmi kunne ya fi ido aiki. Ganye ya rufe tsuntsu, kukansa kawai kake ji, shi ya sa ake so sabon shiga ya bi tsohon hannu har ya iya rarrabe muryoyi. Da tsufa kuma kunne kan daina kama siraran sautuka, saboda haka a rubuta sunan mai ƙidaya a kowace takarda.

Ni inda ya fi taɓa ni shi ne batun shiru. Mutum ya sha raɓa, ya aika bayanai, bai sake jin komai ba, dole jikinsa ya yi sanyi. A mayar masa da sakamako duk shekara, ko shafi ɗaya ne. Kowace hanya kuma a ɗora mata mutum biyu, kada rashin lafiyar ɗaya ya yanke ƙidayar.